Ɗalibar Baba Waya

"Yau ma ba kowa?" in ji Baba Waya, bai ko ɗaga kansa daga filo ba.

'Yar Bene ta gyara kwamfutar a kan cinyarta, ta sake dubawa don dai ya ga ta duba. Akwatin saƙonsa fayau yake, kamar jiya, kamar shekaranjiya.

"Ka san mutane, Baba. Sai sun taso daga aiki."

"To, Allah ya taso su."

Rana ta karkata, haskenta ya ratso labule ya kwanta a kan bargonsa. Shekara talatin da 'yan kai tsohon nan ya yi yana hawan turakun wayar tarho, daga nan sunan ya bi shi. Da zamani ya juya, ya koma haɗa layukan kwamfuta a ofisoshi. Ita kuwa a saman benen gidan ta girma, shi ya laƙaba mata sunanta, shi ya fara koya mata kunce na'ura ta mayar. Yanzu ita da abokan aikinta suna gina wani dandali a intanet, inda mai son koyon aikin fasaha zai sami gwanin da zai riƙe masa hannu. Da Baba ya ji labari, ya ce a sa sunansa. Likita ya riga ya gaya wa matarsa Gwaggo cewa a koma da shi gida a lallaɓa shi, shi ma kuma ya sani. Abu ɗaya ya roƙa: ɗalibi ko guda, kada ya tafi da abin da ke kansa.

Abin da ke cin 'Yar Bene shi ne ta san dalilin shirun. A makon farko mutum uku suka zo masa, kowa da matsalarsa a hannu. Shi kuwa Baba Waya bai taɓa ba mutum amsa ba tun da yake. Sai dai ya tambaye ka: me ka gani, me ka ji, me ka taɓa na ƙarshe? 'Yan zamani ina suka ga wannan haƙurin! Kowannensu ya danna masa tauraro ɗaya ya ƙara gaba. Dokar dandalin kuwa ta ce duk malamin da bai kai tauraro uku ba, a daina nuna shi. Kuma ba wani ya rubuta dokar ba, ita ce da hannunta, har tana alfahari da ita a wurin taro.

Baba ya lumshe ido. Kwanakin nan ya kan tafi ya dawo a tsakiyar magana.

"In kana saman turke," ya ce a hankali, "garin duk ƙasa yake. Ka maƙala 'yar na'urarka a layi, sai ka ji muryoyi na wucewa, wannan na gaida uwarsa, wancan na neman aure. Iska na kaɗa ka, kai kana riƙe da maganar mutane. Ɗazu ma ina can."

"Ka sauko dai a hankali," in ji Gwaggo daga bakin ƙofa, tana share ido da bayan hannu. "Ba ni da ƙarfin tarbe ka."

Washegari a ofis ta gaya wa Dogo, abokin aikinta. Ya juya kujerarsa ya ce, "Haba, wannan ma abin damuwa ne? Buɗe wani suna ki yi masa tambaya. Wa zai sani?"

Haka ta yi ranar Asabar da hantsi. Ta zauna a ɗakinta, ta zama wani saurayi wanda layinsa ke yankewa. Ta ji ƙarar saƙon a ƙasa, ta ji Gwaggo na cewa, "Tashi, ka yi baƙo!" Zuciyarta ta yi daɗi, ta kuma yi ɗaci. An jima amsa ta zo.

"'Yar Bene, ƙafar kujerarki na ƙara a saman kaina. Sauko."

Kunya kamar ƙasa ta tsage. Ta sauko tana jan ƙafa, ta durƙusa gaban gadon.

"Mutumin da ya ci abinci da kunnensa za ki yi wa wannan?" Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Da ya lafa ya ce, "To, injinki ya ƙi aiki. Me kika gani?"

"Ba a turo maka kowa."

"Me kika taɓa na ƙarshe?"

Nan ta fashe da kuka. Ta gaya masa zancen taurari, da dokar, da wanda ya rubuta ta. Ta ce yau ɗin nan za ta cusa sunansa a sama, kowa ya so ko ya ƙi.

"A'a. Ba a ɗaure fis ɗin lantarki da waya in ya ƙone don wuta ta dawo, gidan za ki ƙona. Yaran nan ba su yi ƙarya ba, amsa suka zo nema, ni kuwa ba na sayar da ita. Ke ce ba ki tambaye su abin da ya kawo su ba tun a bakin ƙofa."

Kwana huɗu ita da Dogo suna gardama da gyara. Suka sa tambaya guda a shafin farko: amsa kake so yanzu, ko ka koyi nemo ta da kanka? Taurari kuma suka ce sai bayan wata uku za a bayar. Kowace yamma tana dawowa ta tarar Baba ya ƙara ramewa, barcinsa ya ƙara tsawo. Tsoro ya kama ta sosai, kada gyaran ya zo a makare.

Ranar Alhamis aka sami wadda ta zaɓi ta biyun. Malamar makaranta ce, ta haura arba'in, an damƙa mata ɗakin kwamfutoci alhali ba ta san kansa ba, ga shi rabinsu na rasa layin intanet kullum da rana tsaka. Baba ya sa aka jingina shi da filo biyu, ya ce a kawo tabaransa. Hannunsa ba ya iya rubutu kuma, sai yana faɗa 'Yar Bene na bugawa.

"Ce mata ta zauna a ɗakin tun safe, kada ta taɓa komai. Ta duba wa ke shiga, wa ke fita, me ke motsi."

"Baba, kai ka gane matsalar, ko?"

"Tun a layi na biyu na saƙonta."

"To ka gaya mata mana!"

"Rubuta abin da na ce."

Sun yi zama uku. A na ukun muryarsa sai an kai kunne. Ranar Litinin da walaha, Gwaggo ta shiga da ruwan ɗumi ta same shi fuskarsa na kallon taga, hannunsa ɗaya a ɗage kaɗan kamar mai riƙe da wani abu. Allah ya yi masa cikawa.

Bayan kwana biyu, da masu gaisuwa suka ragu, 'Yar Bene ta buɗe shafinsa don ta rufe shi. Zaɓi biyu ta tarar: yana aiki, ko ya tafi hutu. Su duka a ofishinsu ba wanda ya kai shekara talatin, ba wanda ya tuna malami na mutuwa. Tana zaune a bakin gadon tana kallon akwatunan nan biyu, sai saƙo ya shigo.

"Wane ne?" in ji Gwaggo.

"Ɗalibarsa ce."

"Karanta."

Ta karanta. "Baba, na gano! Wayar intanet ɗin ta bi ta bayan ƙofa. In zafi ya yi, sai a buɗe ƙofar a danne ta da bango, sai ta matse wayar. Ni da kaina na gani, wallahi har tsalle na yi gaban yara. Gobe me zan duba?"

Gwaggo ta matso kusa da ita. Can ta miƙo hannu ta karɓi kwamfutar, ta ɗora ta a kan filonsa, ta ɗan juya fuskarta wajen taga.

"Bar ta nan ta ɗan jima," ta ce.

Suka zauna su biyu, labule na motsi, har hasken allon ya dushe da kansa.