Gidan Harsashin da Ya Ɓata

"Karanta min lambar nan, Noreen, idona ya ƙi," in ji maƙwabcina Desmond, yana miƙo min wani ɗan ƙarfe a cikin tsumma mai maiƙo.

Na karanta masa: 4163. Sai ya ja kujerar kicin ya zauna.

Shekara talatin ina jin lambar nan a bakinsa har ta gundure ni, lambar wata bindigarsa ce. Masu tara tsofaffin fistol na Jamus haka suke, kowane ƙarfe a jikin bindiga sai lambarsa ta dace da ta sauran, in ba haka ba hankalinsu ba ya kwanciya. Goma sha ɗaya Desmond ya tara, amma ɗaya ce ransa: wata mai suna Luga, wadda babansa ya dawo da ita garinmu Tanunda daga fagen yaƙi a Faransa. Komai nata ya dace, gidan harsashi ne kawai babu. Baban nasa yakan ce wani sojan Jamus ne ya auna shi da ita, shi kuma ya riga shi harbi. Da wannan labarin Desmond ya yi ta tinƙaho har ya tsufa.

Wani dillali ne ya gano masa gidan harsashin da ya ɓata a hannun wata tsohuwa a Jamus, ta haɗo da wasiƙa. Ta ce sojan kawunta ne, ɗan shekara sha tara. A aljihunsa aka tsinci gidan harsashin, cike da harsasai, aka aika wa uwarsa. Abokansa sun ce ya cire shi ne don zai miƙa wuya.

"Kin gane?" in ji Desmond. "Bindigar wayam take. Miƙa wa Baba ita yake yi."

Na ce masa maganar shekara ɗari ce, wa ya sani. Ni kaina ban yarda da bakina ba, tausayinsa ne ya kama ni.

Daga ranar ya daina ba tumatirinsa ruwa. In na kai masa miya da rana, tun daga ƙofa nake jin yana magana da Jamusancin kakarsa, wanda ya ce ya manta tuntuni. Yakan yi shiru, kamar mai jiran amsa. Na tambaye shi da wa yake hira.

"Yaron," ya ce. "Bai cika magana ba."



Ran kwana na tara da hantsi na same shi zaune a kicin, rai ya yi halinsa, har jikinsa ya yi sanyi. Lugar na kan tebur, ya juya mariƙinta ga kujerar da ke fuskantarsa. Kujerar kuwa an ɗan janye ta baya, daidai zaman mutum.