Wa Ya Yi Jinyar Zaliha

Metir Nasira Burahima lauya ce da ba ta taɓa tambayar wanda take karewa ko ya aikata laifin ba. Wannan tambayar, in ji ta, jandarmomi sun yi ta har ta tsufa tun kafin mutum ya iso hannun lauya. Ita tambayarta ɗaya ce, kuma abokan aikinta na Damagaram sun mai da ita abin tsokana: "Me ka ci ranar?"

A ƙofar gidan kaso ta koyo ta, tana 'yar lakwal a Gure. Mahaifinta ya fasa wa wani kai a rigimar rijiya. Ba ƙarya aka yi masa ba, ya yi faɗan, sai dai ba a samu wanda zai tsaya ya faɗi abin da ya kai shi ba. Ita ce ke kai masa kwanon tuwo in an taso daga makaranta. A layin masu kai abinci ta gane cewa mutum yana iya yin ƙarya kan inda yake, amma in ka tambaye shi abin da ya ci sai ya manta da tsoro, ya faɗi wanda ya dafa, da inuwar da aka zauna, da wanda ya yi sallama ana cikin ci. Da wannan ta tafi Yamai ta karanta shari'a, ta dawo ta buɗe ofis a Damagaram. Duk shari'ar da ta fito daga Gure kuwa tana karɓa, ko da hanyar za ta cinye mata taya.

Haka Sufiyanu ya shigo hannunta. Makiyayi ne daga dajin Bune, dogo, mai maganar da sai ka matso kake ji. An kore raƙuman wani mai suna Jibirin cikin damina, aka bi sawu aka same su gauraye da garken Sufiyanu a wani kwari. Shi kuma ba a gan shi a wurin garken ba tsawon kwanakin, bai je rijiya ba, bai je kasuwar Gidigir ba. Jandarmomi suka ce ya tafi neman mai saye ne. Da aka tambaye shi ina yake, sai ya ce yana nan. Ina ne nan? Ya ƙi faɗa. Satar dabba a wannan ƙasa ba wasa ba ce, shekaru ake magana.

Nasira ta same shi a ɗakin ganawa na gidan kaso, ta ajiye baƙar rigar lauya a jaka don kada ta tsorata shi, ta zuba masa shayi daga fulas. Ta yi ta zancen ciyawa da ruwan bana har ya ɗan saki jiki.

"Ranar da aka kore raƙuman, me ka ci?"

Ya ɗaga kai ya dube ta, karo na farko. "Kunun kanwa."

"Washegari fa?"

"Shi ne dai."

"Kai da nonon raƙumi a hannunka, sai kunun kanwa kamar mai jego? Wa ya dama?"

"Ni na dama, Metir."

Namiji baligi ba ya dama wa kansa kunun kanwa kwana da kwanaki, ko a Gure ko a ina. Nasira ta ajiye kofinta ta ce, "Wa ba shi da lafiya?"

Sai da shayin ya huce sannan maganar ta fito, guntu-guntu, yana kallon ƙafafunsa. Mahaifiyarsa ce, Zaliha. Uban ya rasu, ƙannensa mata suna gidajen aure nesa, ita kaɗai ce a bukkarta. Ciwon ciki ya kayar da ita, irin wanda ba ya barin mutum ya riƙe kansa. Ba mace ko ɗaya a kusa. Shi ya goya ta zuwa bayan geza ya dawo da ita, shi ya wanke mata zane, shi ya share inda ta ɓata. Garken kuwa ya bar shi ga Allah, ɓarayin suka samu inda za su ɓoye kayansu.

"To ai shi ke nan, Sufiyanu! Ita ce shaidarka."

"Metir, ni ne ɗan fari."

Nasira ba ta buƙatar a yi mata bayani. Ita ma 'yar fari ce. Uwarta ta raine ta, ta sayar da awakinta ta kai ta karatu, ta koma ga Allah ba ta taɓa kiran sunanta ba. "Ke" ce, ko "waccan mai takardu". Uwa ba ta faɗin sunan ɗan fari, ba ta yaba shi, ba ta haɗa ido da shi a gaban mutane. Balle a ce ta buɗe baki ta ce shi ya ga tsiraicinta.

"Kada a kawo ta," in ji shi. "Gara kaso."

"Ba ka san kaso ba," ta ce. Ita ta san shi, ta ga yadda ya mai da ubanta.

Ta ɗauki mota mai shiga rairayi ta tafi Bune, daga nan aka nuna mata hanya har bukkar. Zaliha ƙaramar mace ce, ciwon ya rage ta, amma ta share tsakar gidanta tas. Ta shimfiɗa tabarma, ta kawo nono. Suka gaisa har gaisuwa ta ƙare. Nasira tana da ƙa'ida da take alfahari da ita: ba ta sa wa shaida magana a baki, ba ta matsa wa mutum, tana zama ne har ya kawo da kansa. Ta zauna har inuwa ta juya.

"Yaya wancan ɗin?" Zaliha ta tambaya daga ƙarshe, tana kallon akuya. "Yana ci?"

"Yana ci, Inna. Amma in ba ki je kin faɗa wa alƙali abin da ya faru ba, zai daɗe yana cin tuwon da ba naki ba."

"Ni me na sani, ɗiyata."

"Kin san wanda ya dama miki kunu."

Zaliha ta ja mayafi ta rufe rabin fuska. Can ta ce, "In an ce in je, ina zuwa."

Nasira ta so ta ce mata, faɗa min yanzu, da bakinki, in ji yadda za ki faɗa. Da wata shaidar ce da ta sa ta maimaita har bakinta ya saba. Amma ta dubi mayafin nan, ta ga kamar tata uwar ce zaune, sai ta fasa. Ta ce a ranta uwa ce, in ta gan shi a tsaye tsakanin masu gadi maganar za ta fito da kanta. Ta sha nononta ta kama hanya.

Ranar shari'a kotun Gure ta cika. Dangin Jibirin sun zo, dangin uban Sufiyanu ma sun zo da rawunansu, wato surukan Zaliha. Alƙalin mutum ne mai haƙuri, kuma ɗan ƙasa ne, ya san kunya. Da aka kira Zaliha ya ce mata, "Inna, ba sai kin faɗi sunansa ba. Wanda ke tsaye can ɗanki ne?"

Ta gyaɗa kai tana kallon bango.

"A kwanakin nan kin yi ciwo?"

"Na yi."

Nasira ta ji sanyi a ranta. Sai mai gabatar da ƙara ya miƙe, ba da faɗa ba, aikinsa yake yi. Ya ce ciwo kowa yana yi. Wane irin ciwo ne da zai hana makiyayi leƙa garkensa ko sau ɗaya? Me yake yi mata da ba zai iya gusawa ba? Zaliha ta sunkuyar da kai. Nasira ta roƙi a fitar da jama'a, alƙali ya yarda, aka kora kowa waje har surukan. Amma wanda ake tuhuma ba a fitar da shi, doka ta ce a gabansa za a yi magana. Shi ne kuwa wanda ba za ta iya faɗa a gabansa ba.

Nasira ta matso kusa, ta sassauta murya. "Inna, da kika kasa tashi, wa ya yi jinyarki?"

"Allah."

"Haka ne. Bayan Allah fa?"

Zaliha ta kau da kai. Nasira tana ganin maganar ta taso har wuya, tana ganin ta tsaya. Ta yi tambayarta ta kullum, wadda ba ta taɓa ba ta kunya ba. "Me kika ci a kwanakin?"

"Ban iya ci ba."

"Kunu fa? Wa ya dama?"

Zaliha ta ce, da muryar da sai da alƙali ya karkato ya ji, "Ni kaɗai nike. Na lallaɓa da kaina."

Nasira ta juya ga Sufiyanu kamar mai neman igiya a rijiya. Alƙali ma ya tambaye shi, shin yana da abin cewa kan maganar mahaifiyarsa? Ya tsaya ƙyam, hannayensa a baya.

"Abin da ta hwaɗi shi ne, ranka shi daɗe."

Duk da haka Nasira ta yi magana. Ta sa duk abin da ta koya a Yamai da wanda ta koya a ƙofar kaso. Ta bayyana kunyar ɗan fari, ta faɗi zancen kunun, ta ce ɓarawo ba ya ajiye kayan sata a garkensa ya tafi ya bar su. Alƙali ya saurare ta har ƙarshe, kuma ta ga a fuskarsa ya gane. Amma raƙuma a garkensa aka same su, shaidarsa ta ce ba ya wurinta, shi ma ya ce haka ne. Maganar lauya ba shaida ba ce. Aka yanke masa shekara biyar.

A farfajiya aka fito da shi za a sa shi a bayan mota. Surukai suna tsaye a gindin itacen bedi, 'yan kallo sun cika ƙofa, masu tallar dabino ma sun matso. Zaliha tana rakuɓe a jikin bango, ba ta ko ɗaga kai ba har ya hau. Sai da injin ya tashi, motar ta fara gusawa, sannan ta yar da mayafi ta biyo ta da gudu, takalmi ɗaya ya fita.

"Sufiyanu! Sufiyanu!"

Kowa ya waiwaya. Surukan suka dubi juna, wata tsohuwa ta rufe baki tana salati. Shi kaɗai ne bai waiwayo ba, yana zaune ya ba su baya har motar ta sha kwana. Nasira ta tsaya da baƙar rigarta a hannu, baƙin ciki ya cika ta har ta kasa zuwa ta ɗaga matar daga ƙasa.

Bayan kwana biyu ta je kaso kan maganar ɗaukaka ƙara. An aske masa kai. Ta zuba shayi, bai taɓa ba. Ta ce akwai sauran hanya, a Damagaram za a sake ji, wannan karon za ta zauna da Inna har sai bakinta ya saba, ko a nemi mace ta ɗauki maganarta.

"A sake tsai da ita gaban maza?" ya ce. "A'a, Metir. Na yahe. Shekara biyar kwana ne, in dai an bar ta da mutuncinta."

Ta yi ta lallashi, bai motsa ba. Ba ta da ikon ɗaukaka ƙarar mutum a kan ƙinsa, kuma ta san ba zai sauya ba. Ta rasa abin da za ta bar masa. Sai ta tuna da abin da ita ta yi shekaru tana jira daga bakin uwarta ba ta samu ba, ta ga ko ba komai wannan zai riƙe shi a ciki.

"Ta kira sunanka, ka sani? Da motar ta tashi."

Ya dube ta. "Na ji ana kira. Na ɗauka wani Sufiyanun ne."

"Kai ne. Sau biyu."

Nasira tana jiran ta ga fuskarsa ta saki.

"Da ƙarhi?"

"Da ƙarfi."

"Baffannina suna wurin?"

Nan ta gane, amma bakin alƙalami ya riga ya bushe. Ta ce, "Suna wurin."

Sufiyanu ya sa tafukansa biyu ya rufe fuska, kafaɗunsa suna girgiza. Mutumin da bai yi ko tari ba da aka yanke masa shekara biyar, yanzu kuka yake yi kamar yaro.

"Ashe duk da haka," ya ce, "sai da na kunyata ta."

Mai gadi ya ƙwanƙwasa ƙofa ya ce lokaci ya yi. Nasira ta mai da shayin cikin fulas, ya riga ya huce.