Ƙeyar Shugaban Mawaƙa

Ran Asabar da safe mai-aski ya tashi ya nemi haushinsa ya rasa. Ya laluba ƙirji, ya tuno fuskar Shugaban mawaƙan cocinsu, har ya maimaita wa kansa maganar nan da ta daɗe tana cinsa: "Ƙanena, muryar nan taka ta kiran awaki ce." Shiru kake ji. Sai ma dariya da ta kuɓuce masa, har uwargida ta leƙo tana tambaya ko lafiya.

Tun ranar da Shugaba ya sallame shi daga cikin mawaƙa a gaban mata da yara, mai-aski bai ƙara karɓar Jibin Ubangiji ba. Da wace zuciyar? In ƙoƙon Jibin ya zo kansa sai ya miƙa gaba. Gobe kuwa autarsa, wadda aka yi wa baftisma kwanan nan, za ta karɓa karon farko, ta kuma kafe sai tare da babanta. Shi ya sa ya shafe mako yana durƙuso, yana roƙon Allah ya cire masa abin. To ga shi an cire, ko sallama babu.

Saura dai sulhu, kuma nan ne gumi. Duk Asabar Shugaba yakan zo aski shagonsa, duk Asabar kuma mai-aski yakan karkata masa layin ƙeya, gefe ɗaya sama, gefe ɗaya ƙasa, bai taɓa ɗaga masa madubin hannu ya duba ba. Mutumin da aikinsa ke nan juya wa jama'a baya! Shekara da shekaru coci guda na yabon Allah suna kallon karkatacciyar ƙeya.

Tafe yake zuwa shago kamar an sa masa tayoyi. Ya gaida mai gadi, ya gaida karen mai gadi, ya share shago yana rera waƙa da muryar nan tasa, har tela na makwabta ya rufe taga. Murna kamar ta kayar da shi. Sai da Shugaba ya shigo ya zauna, aka ɗaura masa ƙyalle a wuya, sannan mai-aski ya tuna abin da ke gabansa. In mutumin nan ya tashi ya fice a fusace fa, me za a gaya wa auta?

Ya ajiye injin aski, ya ɗauko madubin hannu, ya goge ƙurar da ta kwanta a kai.

"Yaya, kafin in taɓa ka, dubi nan. Ni ne. Da gangan, duk mako. Ka yafe mini."

Shugaba ya gyara tabarau, ya ƙare wa ƙeyarsa kallo.

"Wannan ai da sauƙi. Na watan jiya ya fi muni."

"Ka sani?"

"Matata a layin gaba take zama."

"To me ya hana ka sake shago?"

Shugaba ya kama wasa da bakin ƙyallen.

"Na kunyata ka a gaban jama'a, ƙanena, bakina kuma ya yi nauyi in ce ka yafe. Sai na ce bari in riƙa kawo maka kaina. In na fita nakan shafa baya in ji ko ka huce."

Mai-aski ya rasa dariya zai yi ko kuka, sai ya haɗa duka biyun, har sai da Shugaba ya ce ya share ido tukuna, kada a ƙare da rashin kunne. Ya ja layi a hankali, ya fito sambal. Shugaba ya kai hannu ya shafa, ya sake shafawa, ya daɗe bai sauke hannun ba.

"Ke nan in dawo cikin mawaƙa, Yaya?"

"Gafara dai na nema. Ban ce muryar ta gyaru ba."

Washegari a coci mai-aski ya zauna kusa da auta. Da aka fara waƙa ya saki murya iyakar ƙarfinsa, ya ga kafaɗun Shugaba sun ɗan zabura, ƙeya kuwa tas. Ƙoƙo ya zo kansa. Na gefensa ya riga ya miƙo hannu kamar yadda ya saba.

"Ɗan dakata," in ji mai-aski, "yau ina ciki."