Makunnin da Baba Ya Ɓoye

Duro huɗu na ruwa. 'Ya'yan karfasa dubu uku, kowanne bai kai ɗan yatsa ba. Famfon iska da aka jona da batirin mota. Tiyo, koma, buhu biyu na abincin kifi, jak, da jakar Yaya.

Sun ci rabin hanya, rana ta take, Yaya ya hango mai faci ya ratse, wai tayar baya ba ta yi masa ba. Auta, ƙanwarsa, ita ce mai kifin. Shekara guda ta yi tana gyaran tafkinta, kuma gidan ƙyanƙyasar da ta sayo su ba za su sake fitar da wasu ba sai baɗi. Ta ce kada ya kashe inji. Ya kashe. Ya tura jakarsa ƙarƙashin kujera da diddige, ya fita.

Da aka gama ba taya iska ya murza makulli. A-kori-kurar ta yi tari, ta sake tari, ta ƙi kamawa.

"Yaya, duba ƙarƙashin kujera. Akwai makunnin da Baba..."

"Ke, mota ba kifi ba ce."

Ya buɗe bonet. Ya girgiza kan batir, ya kankare shi da wuƙa. Ya zare filogi, ya hura, ya mayar. Ya ciro fiyus ɗaya bayan ɗaya yana ɗaga su sama kamar mai duban wata. Bayan kowane abu sai ya dawo ya murza makulli, kuma kowace murzawa daga numfashin kifinta ake cire ta, don batir ɗaya ne.

Auta ta hau baya ta leƙa duro. Kumfar iska ta ragu. Kifayen sun taso sama suna buɗe baki, biyu sun riga sun juya farin ciki.

Ta diro. "Don girman Allah ka daina murzawa! Jakarka ce ta taɓa makunni."

"Wane makunni? Wata biyu ina tuƙa motar nan."

"Ni shekara tara ina zama a gefen Baba a cikinta, kana can kana aiko mana da hoto."

Mai faci ya yi dariya ya rufe baki da tsumma. Dariyar ce ta ɓata komai. Yaya ya tsaya a bakin ƙofar direba, ya tare ta da jikinsa.

"Ranka ya daɗe, ai da ka bar ta ta duba," in ji mai faci. "Duba ba ya ɓata mota."

"Kai tsaya a kan tayarka. Famfon mai ne, na sani."

Ya ɗauki sifana ya kwanta a ƙasa, ya hau ƙwanƙwasa tanki kamar mai sallama a gidan da ba kowa. Auta ta tsallake ƙafafunsa. Ta janyo jakar ta wurgar a titi, ta zura hannu can ciki, bayan ƙarfen kujera. Yana nan inda Baba ya sa shi shekarar da aka sace motar maƙwabcinsu: ɗan makunni baƙi mai yanke wutar inji. Jakar ta kwantar da shi. Ta ɗaga shi, ƙas.

Ta murza makulli. Ƙit, ƙit. Shi ke nan. Batirin ya gama. A baya ma famfon iska ya yi shiru.

Ba ta yi ihu ba. Ta sunkuya ta kalli Yaya a ƙarƙashin mota, mai ya ɗiga masa a goshi.

"Fito ka tura."

"Ni? In an tura wa zai..."

"Ni. Fito, kafin in sauke birki kana nan."

Ya fito. Mai faci ya ajiye tsumma ya zo, har yanzu bakinsa bai gama rufuwa ba. Auta ta sa giya ta biyu, ta danne kuloci. Ruwa duro huɗu ba wasa ba ne; tana jin nishin Yaya da santsin takalminsa a kan tsakuwa. Da motar ta ɗan samu gangara ta saki kuloci. Motar ta yi tsalle, ruwa ya fantsamo musu a ka, inji ya kama.

Ta bar shi yana ruri, ta zagaya baya da koma. Kumfa ta dawo. Ta kwashe waɗanda suka mutu, cikin koma biyu da rabi, ta zubar a gaban Yaya, daidai kan takalminsa. Ya je ya ɗauko jakarsa, ya kakkaɓe, ya nufo ƙofar direba yana miƙa hannu, kamar ba abin da ya faru.

Ta riga shi shiga. Ta ja ƙofa gam, ta danna makullinta, ta sauke gilashi kaɗan.

"Hau baya ka riƙe tiyo, kada ya fita daga duro. Daga yau ni ke tuƙa motar nan."