Bargo Biyu a Gado Ɗaya

Ranar Asabar da hantsi ina yanka alayyahu a kicin na ji ana ƙwanƙwasa ƙofa. Ina buɗewa sai ga ƙanwata Zinatu tsaye da 'yar jaka a hannu, ruwan Birmingham ya jiƙa mata hijabi. Ba ta yi waya ba, ba ta turo saƙo ba. Matar aure ta taso tun daga Manchester da jaka guda, ido jajir, ai ba sai an faɗa maka ba. Yaji ta yi.

Na so in yi dariya. Shekararta ashirin da ɗoriya a gidan Rabe ba ta taɓa kawo ƙararsa ba, sai yanzu da 'yarsu Shifa ta shiga jami'a za ta koyi yaji. Amma da na dubi fuskarta sosai sai na haɗiye dariyar. Da a Kano muke, gidan mahaifinmu na Fagge za ta nufa. A nan kuwa ba uwa ba uba, ni ce gidansu, falona na unguwar Balsall Heath shi ne Faggenta.

Na karɓi jakar, na ba ta busasshen mayafi, na haɗa mata shayi da citta. Ban tambaye ta komai ba, don na san halin kayana: in ka matsa mata sai ta ce lafiya lau. Sai da shayin ya kusa hucewa a hannunta sannan ta yi magana.

"Yaya, Baban Shifa ya raba mana shimfiɗa."

Na ajiye kofina. "Rabe? Ya bar ɗakin?"

"Yana ɗakin. Gadon ma ɗaya ne. Bargo ya raba."

Shi dai Rabe injiniya ne, yana aiki da wani kamfani a Salford da ke gyara tsofaffin gine-ginen bakin ruwa ya mai da su masauki. Mutumin kirki ne, wannan ko maƙiyinsa ya shaida, amma magana a wurinsa kamar a kasuwa yake sayo ta. Sai ka yini da shi ba ka ji abin da ya wuce "to" da "Allah ya sa" ba. A watan jiya kamfanin ya tura shi Copenhagen, babban birnin Denmark, ya ga yadda mutanen can ke raya tsofaffin otal-otal ɗinsu ba tare da sun ɓata musu kamanni ba. Suka sauke shi a wani otal na alfarma da ke bakin ruwa, wanda a da can rumbun 'yan kasuwar jiragen ruwa ne.

Zinatu ta ce mutumin da ya dawo ba shi ne ya tafi ba, don wannan yana magana. Sai dai duk maganar ta otal ce. Wai katakan rufin ginin sun girmi kakan kakanmu, kuma ba a rufe su da fenti ba, an bar su da tsagarsu da tabon ƙusa. Wai akwai wata kujera a falon otal ɗin, in ka zauna sai ka rantse an gwada bayanka kafin a sassaƙa ta. Fitila ba sa liƙa ta a sama ta riƙa dukan ido, suna sauko da ita daidai kan tebur. Da rana tsaka ma suna kunna kyandir, ba don an ɗauke wuta ba. Har ya ɗauko tsani ya sauke fitilar teburin cin abincinsu na gidansu da ke unguwar Longsight, Shifa ta zo hutun ƙarshen mako ta buga goshi da ita.

"Duk wannan ban ce komai ba, Yaya," in ji Zinatu. "Na ma ji daɗi yana hira. Ranar Alhamis na dawo daga check-up a asibiti, na shiga ɗaki na tarar babban bargonmu a naɗe a saman wardrobe. A kan gado ga barguna single, irin na mutum ɗaya, guda biyu, kowanne a ninke a gefensa, da fili a tsakani."

"Me ya ce?"

"Ya ce haka suke yi a can."

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan. Kuma mai kaurin ya ɗaukar wa kansa, ni ya ba ni shara-shara."

Wanda bai san abin da ke ƙasa ba zai ce wannan ba abin yaji ba ne. Ni na sani. Bara aka yi wa Zinatu aiki a ƙirji, aka cire abin da aka cire don a ceci ranta, kuma har yau tana kan magani. Ni na yi jinyarta. Na ga yadda ta daina tsayawa gaban madubi, na ga yadda take juya baya in za ta sake riga ko da ni kaɗai ce a ɗakin. Ta sunkuyar da kai ta faɗi sauran da murya ƙasa-ƙasa.

"Tun da aka yi aikin nan bai matso kusa da ni ba. Can bakin gado yake kwana kamar baƙo. Na yi shiru, na ce mai haƙuri yakan dafa dutse. To yanzu ya ja iyaka. Ai ba sai mutum ya buɗe baki ya ce maka ya gaji ba."

Raina ya ɓaci ƙwarai. A wurinmu miji ya raba shimfiɗa da matarsa ba ƙaramar magana ba ce, horo ne, kuma ƙanwata ba ta yi laifin komai ba illa rashin lafiya. Da yamma wayata ta yi ƙara, Rabe ne. Ya gaishe ni, sannan ya tambaya ko ta iso lafiya, ko ta taho da maganinta. Na ce ta iso, kuma biko ba a yin sa ta waya. Na kashe.

Washegari kafin azahar motarsa ta tsaya a ƙofar gidana. Zinatu na hango shi ta taga ta shige kicin ta tura ƙofa, amma ba ta rufe ta duka ba. Na ga ya buɗe bayan mota yana ciro kaya, na ce a raina ko goron ban-haƙuri ya kawo. Ashe bargunan ne. Ya rungumo su duka biyun har ba a ganin fuskarsa, ya cire takalmi da ƙyar, ya shigo ya ajiye su a kan kafet kamar mai kawo shaida gaban alƙali.

Muka gaisa. Ya durƙusa kamar yadda ya saba, ni kuwa ban ce masa ya hau kujera ba.

"Malam Rabe, me ƙanwata ta yi maka?"

"Ba ta yi komai ba, Yaya."

"To mene ne wannan?"

Ya dubi bargunan. "Shifa ce ta ce a kansu aka yi yajin. Ni ban gane ba, shi ya sa na taho da su."

Allah ya sani na so in ɗauki matashi in jefe shi. Mutum ya iya lissafin nauyin da ginin bene zai ɗauka, amma bai san nauyin abin da ya aikata a ɗakinsa ba. Na ce masa yau sai ya yi magana ko da bakinsa zai yi ciwo, ya fara daga farko.

Ya ce ranar da ya sauka a otal ɗin ya shiga ɗaki ya ga gado babba guda ɗaya, bargo biyu a kai. Ya zaci kuskure aka yi, ko an shirya ɗakin ne don baƙi biyu da ba su san juna ba. Da safe ya tarar da matar da ke gyaran ɗakuna, wata dattijuwa mai furfura, ya tambaye ta. Ta yi dariya ta ce a ƙasarsu haka mata da miji ke kwana, daga otal na masu kuɗi har gidan talaka. Wani mai jin zafi ne, wani mai jin sanyi, wani mai juye-juye. Ta ce ita da mijinta sun tsufa a gado ɗaya, kuma bargo biyu ne ya sa ba wanda ya taɓa kwashe matashinsa ya koma wani ɗaki.

"To sai ka ce kai ma bari ka zama Bature," na ce.

"A'a, Yaya." Ya murza hularsa a hannu. "Maganin nan da take sha yana sa mata zafin jiki. Da asuba ina ganin matashinta a jiƙe. Tana so ta yaye bargon, amma ba ta yayewa don kada ni in ji sanyi. Haka take kwana cikin gumi. Ni kuma mai juyi ne. Satin da aka sallamo ta daga asibiti na juya na ja bargon, ya goge ta a wurin ɗinkin. Na ji yadda ta ja numfashi. Ba ta ce komai ba, amma na ji."

Daga kicin na ji cokali ya faɗi ƙasa. Rabe bai ɗago ba.

"Tun ranar nake kwana a baki, ba na yarda barci ya yi nisa da ni. Da Shifa ta koma hostel na yi tunanin in koma ɗakinta, ko Maman Shifa ta samu ta huta. Har na ɗauki matashi wata rana. Na kasa fita." Ya sake duban bargunan. "A otal ɗin nan kullum ina kwana a ƙarƙashin guda, ɗayan yana gefe a ninke ba wanda ya taɓa shi. Shi nake kallo. Na ce ashe akwai yadda za a yi ba sai na bar ɗakin ba."

Na miƙa hannu na taɓa bargunan. Mai kaurin irin wanda kowa ya sani ne. Shara-sharan kuwa, da na damƙe shi, laushinsa kamar audugar da aka gama shiɓa, ba nauyi ko kaɗan. Ya ce a can ya sayo shi. Matar otal ɗin ce ta kwatanta masa shagon, ya ɗauko shi a jirgi, don irinsa ba ya riƙe gumi kuma ba ya danne ƙirji.

Fushina ya bi iska, sai tausayi, har da ɗan kishin ƙanwata, in faɗi gaskiya. Shekara shida ke nan da rasuwar maigidana Sha'aban, kuma babban bargona ba mai ja mini shi. Amma ban bar Rabe ya ga fuskata ta sauko ba.

"Duk wannan bayanin, me ya hana ka yi mata shi?"

"Na ce mata haka suke yi a can."

"Kujera ta samu hirar mako guda a bakinka, fitila ta samu, katako ma ya samu. Matarka ce za ka sallama da 'haka suke yi a can'?"

Ya ce, "Na ji kunya ne, Yaya. Ban so ta san ina lura ba."

Ƙofar kicin ta buɗe. Zinatu ta fito tana goge hannun da ba abin da ya jiƙa shi, ta zauna a hannun kujera nesa da shi, tana kallon kafet. A gabana ba za su iya kallon juna ba, kuma da ina da kirki da na ba su wuri. Ban tashi ba, gidana ne.

"Baban Shifa," ta ce, "wurin ya warke tun kafin azumi."

"Ba ki faɗa mini ba."

"Ba ka tambaya ba." Ta ja bakin mayafinta. "Na zaci ba ka son gani ne."

A nan ya ɗago ya dube ta, ya manta da ni sarai. "Ni? Ni da na yi ta roƙon Allah a bakin ɗakin tiyata ya bar mini ke ko yaya ne?"

Ban taɓa jin Rabe ya faɗi abin da ke ransa kai tsaye haka ba. Zinatu ta rufe fuska da mayafi. Ni ma na ga ya kamata in duba tukunyar da na san ba komai a cikinta. Na daɗe a kicin ina buga murfi don su san ba saurare nake ba.

Da na fito na tarar ta sauko kan kafet, ta shimfiɗa bargunan gefe da gefe, tana daidaita bakinsu ta wajen ƙafa. Ta ce, "Yaya, ara mini allura da zare."

Na kawo mata gwangwanin ɗinkina. "Me za ki yi?"

Ta auna kamu ɗaya daga ƙasa da hannunta. "Daga nan zuwa sama na mutanen Copenhagen ne, kowa ya yaye nasa in ya ga dama. Daga nan zuwa ƙasa namu ne."

"Ranar wanki za ki gane kurenki," na ce.

"Sai in warware in sake ɗinkewa."

Rabe ya matso ya riƙe bakin bargunan biyu ya haɗa su, gwiwarsa na taɓa tata, bai kuma janye ba. Ta lashi bakin zaren ta kai shi kafar allura, ya ƙi shiga. Ta sake gwadawa, idonta ya cika da ruwa har ba ta ganin kafar. Sai ta miƙa masa, shi ya zura mata.