Waƙar Gayyar Gonar Baba

Tun da tsoho Ladan ya dawo daga Makka ya rataye gangarsa, gayya a Saulawa ta koma kamar zaman makoki. Mutane su sunkuya su yi ta huɗa, ba mai zuga su, ba mai kiran sunan kowa, kafin rana ta take sai ka ga rabinsu a gindin ɗorawa. Bana kuma gayyar ta faɗo a gonarmu. Baba na kwance da ciwon baya, masara ta kai gwiwa tana neman huɗa, kuma yini ɗaya tak aka ba mu, don washegari mutanen za su wuce wata gona a Furana.

Na ce wa Baba ya bar mini zancen kiɗa.

"Kai Audu," ya ce, "wace ganga ka iya?"

"Baba, zamani ya wuce ganga."

Ya dube ni irin kallon da ya yi mini ranar da na dawo da jakar makaranta na ce na gama.

Na hau babur ɗin da nake acaɓa da shi na tafi Ikara wajen Nabil. Shi ne mai situdiyon da ke yi wa amare waƙar biki, a kira sunan amarya da ango da ƙawaye har da mai girki. Na ce ina son irinta, amma ta noma. Ya jawo fiyano ya tambaye ni yadda Ladan ke yi. Na faɗa masa abin da na sani: yana wasa wanda ke gaba, yana yi wa na baya habaici har ya ji haushi ya taso.

"To wa ke gaba?"

Na ce ya sa Bilya. Bilya abokina ne, kuma shi zai ara mini sifikarsa, wata ƙatuwa mai caji.

"Na baya fa?"

Na yi tunani kaɗan. Na ce ya sa Kawu Ya'u, ƙanin Innarmu. Duk Saulawa an san ba a taɓa wuce shi a huɗa ba, don haka na ɗauka kowa zai gane wasa ne, shi ma zai yi dariya.

Waƙa ta fita da daɗi, wannan kam ko maƙiyina ba zai musa ba. Minti shida ce, da sunan mutum goma sha tara a ciki.

Ranar gayya na ɗaure sifika a bayan babur, na kafe shi a bakin gona. Mutane suka jera, kowa da garmarsa da kunyarsa. Na kunna. Da aka fara kiran sunaye sai ihu ya tashi, wani ma ya ɗaga garma sama yana juyi. Aka zo baitin Kawu:

"Ya'u taso mana, an bar ka a baya,
Bilya ya kai ƙarshe yana shan iska."

Aka kwashe da dariya, shi ma ya yi. Ya tofa miyau a tafin hannu, ya sunkuya, ƙasa ta fara tashi ta dama da hagu. Kafin waƙar ta ƙare ya ba na kusa da shi tazarar da ta kai taku ashirin. Na ce a raina, Audu, ka gama da su.

Waƙa ta ƙare, ta sake farawa da kanta. Minti shida suka zagayo, muryar ta sake cewa an bar Ya'u a baya. A lokacin Kawu ya gama kunya ta uku ya kama ta huɗu, Bilya kuwa bai fita daga ta farko ba. Dariyar wannan karon ta ragu. Kawu ya ɗago ya dubi babur ɗin, ya mayar da kai.

Da a nan na kashe ta, da ban ba da wannan labari ba. Amma samari sun riga sun kama amshi, kowa na jiran a zo sunansa. Na nufi babur, Bilya ya riƙe mini riga.

"Kada ka taɓa mini sifika, malam. Ba a zo baitin da aka kira ni sarkin noma ba."

"Wane sarkin noma? Kai da ko zufa ba ka yi ba!"

"Ni na rubuta? Kai ka ba da suna."

Zagaye na huɗu ya zo daidai lokacin da mata suka iso da kunu da ɗanwake. A cikinsu akwai Hajo, uwar matar Kawu, wadda ko haɗa ido ba ya yi da ita. Bilya ya riga kowa zuwa gindin ɗorawa, ya zauna ya miƙe ƙafa da kwano a cinya, sifika na can tana cewa shi ne zakaran gona. Sai ga baitin Kawu. Hajo ta sauke ƙwarya, ta dubi matar da ke kusa da ita.

"Ashe Ya'un ba ya jin daɗi ne? Ba wanda ya faɗa mana."

Ba da wata manufa ta faɗa ba. Ita dai ta ji an faɗa a waƙa, kuma a saninta makaɗin noma ba ya faɗin abin da bai gani ba.

Kawu ya tsaya a tsakiyar kunya. Ya kankare ƙasar da ke bakin garmarsa da ƙafa, ya saɓa ta a kafaɗa, ya kama hanyar gari. 'Ya'yansa uku suka bi shi, sannan maƙwabtansa biyu. Na kashe sifika na bi shi da gudu.

"Kawu, don Allah ka yi haƙuri. Wallahi wasa ne, kowa ya san kai ne gaba."

"Kowa ya sani?" Bai ko waiwayo ba. "Shekara talatin Ladan na bina da ganga. Sau ɗaya ya ce ina baya, ranar kuwa ina bayan. Da na wuce su sai ya canza baki. Wannan akwatin naka, ido gare shi?"

"Babu, Kawu."

"To koma ka yi noma da shi."

Na koma. Waɗanda suka rage suka ce a kunna musu wani abu, na sa waƙoƙin soyayya da ke wayata. Samari suka yi ta amshi suna lumshe ido, garma na tafiya kamar ana shafa mai. La'asar ta yi, kowa ya yi sallama, kusan kashi ɗaya cikin uku na gonar ba a taɓa ba.

Da na faɗa wa Baba, bai yi faɗa ba, abin da ya fi ƙona mini rai ke nan. Ya nuna mini garmarsa a jikin rumbu, ya juya fuska bango.

Kwana biyu ina huɗa ni kaɗai. Tafin hannuna ya yi bororo ya fashe, babur na jingine a zaure. Shi kuwa Bilya ya tura wa duk wanda ya sani waƙar. An ce har a tashar Ikara 'yan acaɓa na sa ta, suna kiransa sarkin noma, yana ɗaga musu hannu.

A rana ta uku, bayan Inna ta je gidansa har sau biyu, sai ga Kawu da garma. Na durƙusa na gaishe shi, ya amsa a gajarce.

"Ka goge waƙar?"

"Na goge a tawa wayar, Kawu."

"A ta sauran mutane fa?"

Na kama kankare ƙasar da ke bakin garmata.

"Ta kai har Makarfi, ko?" ya ce. "Jiya wani ya tare ni a kasuwa yana tambayata ya jiki."

Ya ja tsaki mai tsawo, ya dubi masarar da ciyawa ta fara cinyewa.

"Don 'yar'uwata na zo, ba don kai ba. Ka fara daga can gabas, ni daga nan. Kuma in na ji ko fito ka yi da baki, na tafi."

Na ɗauki garma na nufi gabas, bakina a rufe.