Ɗingishin Mai Walda

Aku ake ce masa, don in ya kalli tafiyarka sau ɗaya, to ta zama tasa. Shi ne mai ba da dariya a ƙungiyar wasan kwaikwayon da aka kafa don sasanta unguwanni biyu bayan rikici. Ran nan ne farkon haɗuwar mutanen unguwannin a zaure guda, kowa a ɓangarensa, fuska a murtuke.

Aku ya ga wasa ya yi sanyi. Sai rawar kai ta ɗebe shi, ya fito da abin da ba a tsara ba. Ya karkace kafaɗa, ya ja ƙafa, ya shiga ɗingishin wani mai walda na ɗaya unguwar. Makaɗi kuma, uban 'yan zuga, ya bi shi da ganga. Ɓangare ɗaya ya kwashe da dariya. Ɗayan kuwa tsit.

Ashe mai waldan na zaune a layin gaba, sandarsa tsakanin gwiwoyi. Kuma kowa ya san a rikicin aka karya masa ƙafar. Kai, kunya ba ta yi ba! Aku ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Ga mutanen mai walda sun fara miƙewa, duk lallashin da aka sha kafin su yarda su zo zai tashi a banza.

Ya gudu bayan labule, ya zauna kan akwatin kaya, ya rufe fuska. Can sai ya ji ƙwas, ƙwas, ƙarar sanda na matsowa.

"Kai ne Aku?" in ji mai walda.

"Yaya, ka yafe mini. Wallahi ba ni da bakin magana."

"Ƙafar hagu ce, kai ka ja ta dama. Ko satar ma ba ka iya ba." Bai yi murmushi ba. "Ka san ni kafin abin ya faru?"

"Na sanka mana. Kana tafe kana kaɗa makullai, sai ka ce titin naka ne."

Mai walda ya dubi labule.

"Na ce wa mutanenmu su zauna tukuna. 'Yata na cikinsu, bayan rikicin aka haife ta. Ba ta taɓa ganin ubanta ya taka ƙasa daidai ba. Tashi ka fita ka nuna mata tafiyata ta da."

Aku ya miƙe. Mai walda ya zaro makullai daga aljihu, ya danƙa masa a hannu.